A Abuja, Hanya Ake Fara Zaɓa Kafin Gida

Tun kafin a kira assalatu fitilun motoci sun riga sun jeru a kan hanyar Keffi, daga Masaka zuwa Ado, daga Ado zuwa Mararaba, kowa na sauri ya wuce gadar Nyanya ya hau tudun Kugbo kafin hanya ta cushe. Yara 'yan makaranta suna ƙarasa barcinsu a kujerar baya, wasu da burodi a hannu. Mafi yawan mutanen nan a Jihar Nasarawa suke biyan haya, a Babban Birnin Tarayya suke neman abinci, kuma abin da ya haɗa wuraren biyu titi ɗaya ne tal. Tafiyar da direba zai yi cikin rabin sa'a da tsakar dare tana iya cin sa'o'i biyu ranar Litinin da safe, in kuwa tirela ta lalace a kan tudun, sai yadda hali ya yi.

Duk wanda aka yi wa canjin aiki zuwa Abuja, ko ya samu gurbi a wata ma'aikata, ko ya kama rumfa a kasuwar Wuse, tambayarsa ta farko ga dillali ba ta wuce ɗaya: nawa ne haya? Tambaya ce mai kyau, amma ba ita ya kamata ta zo farko ba. A wannan birni kuɗin da ake miƙa wa mai gida kashi ɗaya ne kawai na abin da zama ke ci. Sauran ana biyansa ne kullum, a tasha, a gidan mai, a hannun mai ruwa, da kuma a jikin mutum.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina garin. A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa yankin Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kammala taswirar birnin a 1979, sannan fadar gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Taswirar ta raba ginin birnin mataki-mataki. Matakin farko, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni, shi ya samu komai kafin mutane su tare: kwalta, magudanar ruwa, famfo, fitilun titi. Mataki na biyu, irin su Utako, Jabi, Wuye, Gudu, Mabushi, Jahi da Katampe, ya samu nasa a guntu-guntu, wani wuri an gama, wani wuri har yau ana ɗibar ƙura. Na uku, inda Gwarinpa da Lokogoma da Galadimawa suke, gidaje ne suka riga ayyukan gwamnati isa.

Mutane kuwa ba su jira taswira ba. Ƙidayar 2006 ta samu mutum miliyan 1.4 a yankin, kuma tun daga lokacin tururuwa ba ta tsaya ba. Sai abubuwa biyu suka ƙara tura talaka waje. Na farko, gwamnatin Obasanjo ta daina ba ma'aikata gidaje, ta mayar da alawus ɗin kuɗi, ta sayar da gidajen gwamnati. Wanda ya saya ya tsira, wanda aka ɗauka aiki bayan nan ya faɗa hannun masu haya. Na biyu shi ne rusau na zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, wanda ya share manyan unguwannin marasa ƙarfi da ke kusa da gari, ciki har da Idu-Karmo a 2006. Dubban ɗaruruwan mutanen da aka tasa ba su koma garuruwansu ba. Sun matsa gaba kaɗan ne, zuwa bakin iyaka. Shi ya sa a yau ofisoshi suke tsakiya, masu aiki a cikinsu suke kwana a gefe, kuma manyan hanyoyi uku ne ke ɗaukar su safe da yamma.

Ta gabas ita ce hanyar Keffi, wadda ta fi kowacce jama'a da araha. Nyanya, Karu, Jikwoyi, Kurudu da Karshi suna cikin yankin birnin tarayya. Da an tsallaka iyaka an shiga Mararaba, Ado, Sabuwar Nyanya da Masaka, a ƙaramar hukumar Karu ta Nasarawa. Abinci a nan ya fi sauƙi, kasuwar lemo ta Mararaba tana ciyar da rabin gari, kuma mai ƙaramin albashi zai iya samun ciki da falo da kuɗin da ba zai kama masa ɗaki ɗaya a Wuse ba. A taswira Nyanya kusa take da Asokoro, dutse ne kawai tsakaninsu. Wannan kusanci shi ke yaudarar baƙo. Bayan harin bam na tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu, 2014, shingayen bincike sun ƙara wa hanyar nauyi na tsawon lokaci, kuma ko babu shinge, masu talla da motocin da ke lodi a tsakiyar titi a Mararaba sun isa su tsayar da komai. Wanda aikinsa yake Asokoro, ko mahaɗar AYA, ko barikokin da ke kan hanyar, ko kuma yake aikin dare, zai iya zama a nan ya ji daɗi. Wanda zai tsallaka har Jabi ko Life Camp kullum ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Ta arewa ita ce hanyar Kubwa, mai layi goma, wadda ta bi ta Gwarinpa, Dawaki, Dutse, Kubwa, Dei-Dei, har Zuba, daga nan ta rabu zuwa Madalla da Suleja a Jihar Neja da kuma Kaduna. Ga mutumin Kano ko Katsina ko Zariya wannan hanya tana da wata daraja da ba a rubuta ta a takardar haya: ita ce hanyar gida. Ranar Juma'a in an tashi, wanda ke Kubwa ya riga na Lugbe ko na Karu kama hanyar Kaduna da nisa, kuma jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da ya fara aiki a Yulin 2016, yana tsayawa a Kubwa. Gwarinpa, rukunin gidajen da aka gina zamanin Janar Abacha, ta daɗe da fin ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Kubwa ce ta karɓi wannan matsayi, da babban asibitinta da kasuwanninta da makarantu iri-iri, sai dai Kubwa ba ɗaya ba ce. Akwai ɓangaren da aka tsara, mai kwalta da ruwan famfo, akwai kuma lungunan da in ruwa ya sauka sai an naɗe wando. Suleja, tsohon garin masarauta da ya ba sabon birnin sunansa da wani yanki na ƙasarsa, ta fi kama da gida ga Bahaushe fiye da ko'ina a kewayen, amma mai aiki a sakatariyar tarayya zai san ya yi tafiya.

Ta kudu maso yamma ita ce hanyar filin jirgi, wadda aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ita ma an faɗaɗa ta, kuma ita ce ta fi gudu. A kanta Lugbe take, da rukunan gidaje masu katanga da ke ta tsirowa a bayanta, da mahaɗar Kuje, da hanyar Gwagwalada inda jami'a da asibitin koyarwa suke. Matsalar wannan ɓangare ba babban titin ba ne. Tana farawa ne daga inda aka sauka daga kansa.

Lissafin da ya kamata baƙo ya yi ba ya buƙatar kwamfuta. A ɗauka gidan nesa ya ƙara masa naira 1,500 a kuɗin mota kullum. Kwana 22 na aiki a wata, wata 12, ya kama naira 396,000 a shekara, mutum ɗaya ke nan, ba a sa matar da ke aiki ko yaran da ake kaiwa makaranta ba. In hanyar tana cin sa'o'i uku zuwa da dawowa, sa'o'i 792 ke nan, wato kwana 33 cur a zaune cikin mota. Kafin 29 ga Mayu, 2023, lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, mutum zai iya kau da kai daga wannan lissafi. Da aka cire tallafin mai, lita ta kai naira 617 a Yulin shekarar, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Araha ba ta ado, kuma sau da yawa gidan da ya fi tsada da naira 300,000 amma yake kusa da wurin aiki shi ne mai arahar gaske. Akwai ma'aikatan da suka gane haka ta hanya mai wuya, suka koma kwana a ofis ko a wurin aboki daga Litinin zuwa Alhamis.

Abin hawa ma yana da nasa dokokin da baƙo bai sani ba. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, an kori ƙananan bas-bas a 2013, Keke Napep kuma an taƙaita shi a wasu unguwanni. Abin da ya rage wa mai tafiya a ƙasa shi ne tasi da motocin gida da ke kabu-kabu, biyu a gaba, huɗu a baya. A cikin wannan ruɗani 'yan wan-cans suke farauta, su ɗauki fasinja kamar gaske, su kwashe masa waya da kuɗin asusu, su jefar da shi a hanya. Unguwar da ke da tasha sananniya, inda ake shiga mota a layi, ta fi wadda sai an tsaya a bakin titi da duhu ana ɗaga hannu, musamman ga mace. Jirgin ƙasa na cikin gari, da aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a Mayun 2024, yana haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgi da Gbazango a Kubwa. Amfaninsa na ga wanda tasha ke kusa da shi. Ɓangaren Nyanya da Mararaba, inda aka fi buƙatarsa, ko dogo ɗaya bai isa can ba.

In an tsayar da hanya, sai a shiga hannun dillalai. Al'adar garin ita ce a biya shekara guda gaba ɗaya, sabon gida ma wasu sai sun nemi biyu. A kai akwai la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100, da kuɗin lauya, shi ma kusan haka, da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana da ake cewa za a mayar ranar tashi, in gida mai katanga ne kuma da kuɗin hidima na masu gadi da shara. Gidan miliyan ɗaya, saboda haka, ba ya buɗuwa da ƙasa da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Tun kafin nan ma akwai kuɗin gani: dillali zai karɓi wani abu don ya zagaya da mutum, ko an dace ko ba a dace ba, kuma ba mamaki a tarar dillalai uku ne a jere tsakanin mai nema da mai gida, kowa da nasa ƙarin. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudirin da zai mayar da biyan haya wata-wata a birnin tarayya. An yi ta muhawara a kai, masu gida kuma suka ci gaba da karɓar shekara.

Dillali yakan nuna gida da rana tsaka, lokacin rani, hanya fayau. Abin da ba zai faɗa ba sai an tambayi maƙwabta, kuma gwara a tambayi mai shago ko mai wanki da ke layin, don su ba su da kaso a cinikin.

Ruwa ne farko. Famfon gwamnati daga madatsar Usuma yake zuwa, kusa da Ushafa a hanyar Bwari, yana wadatar da tsofaffin unguwannin birni da wasu sassa na Kubwa da Gwarinpa. Yawancin sababbin unguwanni da rijiyar burtsatse suke rayuwa. Ƙasar Abuja dutse ce a wurare da yawa, kuma rijiyar da ke ambaliya a Satumba tana iya yin shiru a Maris. Daga nan sai 'yan garuwa da kurarsu. Iyali mai yara huɗu da ke sayen ruwa jarka-jarka yana biyan haya ta biyu bai sani ba. Ganin kurar ruwa da yawa a layi da sassafe amsa ce da ta fi ta dillali gaskiya.

Wuta kuma ta zama abin lissafi tun Afrilun 2024, da hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, masu alkawarin sa'o'i 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, kafin a ɗan rage daga baya. Layi biyu a unguwa ɗaya suna iya kasancewa a rukuni daban-daban. Mai ɗinki ko mai sayar da ƙanƙara zai so rukunin A ko da tsada. Ma'aikacin da ba ya wuni a gida wataƙila rukunin B ya ishe shi. Abin gudu shi ne gidan da babu mitar kati, ko mita ɗaya ga gida shida, ko wadda tsohon ɗan haya ya bar wa bashi, domin a aikace bashi mita yake bi, ba mutum ba.

Sai ruwan sama, wanda a Abuja yake ɗaukar wajen wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba. A Yunin 2023 ambaliya ta shanye gidaje fiye da 100 a rukunin Trademore da ke Lugbe, ba kuma karon farko ba ne, har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Lokogoma ma ta sha irin wannan. Gidajen ba na kara ba ne, gidaje ne masu fenti da ƙofar ƙarfe, an dai gina su ne a hanyar ruwa. Alamar tana nan ga mai lura: layin danshi a jikin katanga, sabon fenti a ƙasan bango kawai, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa, rafi a bayan gida da ake ce wa ƙaramin kwata ne.

Akwai wata hanyar tsira da dubban mutane suke bi, wato ƙauyukan da birni ya haɗiye. Garki ƙauye, Mabushi, Jahi, Gishiri, Durumi, Daki Biyu a Jabi, Kpaduma a bayan Asokoro, da Mpape a saman Maitama, asalinsu matsugunan Gbagyi ne da sauran 'yan ƙasa. A nan direba da mai gadi da ɗan canjin Wuse Zone 4 da sabon ma'aikaci suke samun ɗaki a tsakiyar gari, wasu ma da ƙafa suke zuwa aiki. Idan aka bi lissafin hanya, babu inda ya fi nan. Amma ƙasar birnin tarayya duka a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma takardar da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta tsayar da katafila. Gidajen 'yan ƙasa sukan tsira har sai an sake musu matsuguni. Ɗakunan da baƙi suka gina a gefensu su ake fara shafa wa jan fenti. An yi yunƙurin rushe Mpape a 2012, magana ta kai kotu. A Nuwamban 2024, zamanin minista Nyesom Wike, an rushe unguwar Ruga da ke kusa da ƙofar birni. Haya a irin waɗannan wurare caca ce da mutum zai iya shiga da idonsa buɗe, ya biya gajeren lokaci, kada ya tara kaya. Sayen fili ko gini a can kuwa, ba tare da an bincika takarda a ofishin AGIS mai kula da takardun filaye ba, zubar da kuɗi ne.

Tsaro ya sauya taswirar masu neman gida a 'yan shekarun nan. Harin gidan yarin Kuje na 5 ga Yuli, 2022, da sace-sacen mutane da suka addabi yankin Bwari a farkon 2024, sun sa gidan ƙarshe a bakin daji, wanda a da ake yabonsa da iska da shiru, ya zama wanda ake gudu. Katanga da mai gadi ɗaya ba su ne tsaro ba. Ana duba ko layin a cike yake da mutane, ko akwai 'yan sintiri da ake biya, da nisan ofishin 'yan sanda, da kuma abin da ke bayan katangar.

Bahaushe dai bai saba sauka a gari shi kaɗai ba. Daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege a Legas zuwa Nima a Akara, tsarin ɗaya ne tun zamanin fatake: a nemi zango, a sauka wurin mai masauki, shi zai nuna ɗaki da sana'a. Abuja ba ta da zango guda. Jama'a sun warwatsu ne bisa sana'a, 'yan dabbobi da kayan gwari da kayan gini a Dei-Dei, 'yan kayan marmari a Zuba, wasu a Gwagwa da Karmo da Mararaba da Madalla. Sauka wurin ɗan'uwa na makonnin farko hikima ce, ita ce ma ke ba mutum damar duba gari a tsanake. Kuskuren shi ne a kama haya a layinsa don kawai yana can, alhali shi kasuwarsa tana bayan gidansa, sabon zuwa kuma ofishinsa yana ɗaya gefen birni.

Duk da haka jama'a ba abin rainawa ba ce, kuma nan ne maza suka fi yin sakaci, don su ke zaɓen gida amma ba su ke wuni a cikinsa ba. Matar da ta taso a Fagge ko Tudun Wadar Zariya, inda maƙwabciya ke leƙowa da safe, in aka ajiye ta a rukunin gidajen da kowa ya kulle ƙofarsa, babu kasuwa kusa, babu Islamiyyar da yara za su taka da ƙafa, babu wanda za a bar wa jariri a je asibiti, ba za a daɗe ba gidan ya ishe ta, ko da tayil ɗinsa yana ƙyalli. Masallacin da za a iya zuwa da asuba ba tare da tada mota ba, asibitin gwamnati da za a kai mai naƙuda cikin dare kamar na Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada, makarantar da ba sai an tsallaka babban titi ba: waɗannan sai an zo da uwargida ta gani da idonta kafin a biya. Wasu magidanta sun yanke shawarar barin iyali a Kaduna ko Kano gaba ɗaya, su kama ɗaki ɗaya kusa da aiki, su riƙa tafiya ƙarshen mako. Kuɗi kan ragu, amma tarbiyyar yara ta koma waya, kuma harin jirgin ƙasan Kaduna na 28 ga Maris, 2022 ya nuna hanyar ma tana da nata farashin.

Mai niyyar tarewa ya ware ranar Litinin guda, ya kwana a unguwar da yake so, ya tashi ya bi hanya zuwa wurin aikinsa a irin motar da zai riƙa shiga, ya kuma dawo da yamma bayan an tashi. In zai yiwu ya sake leƙawa ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Kada ya tura kuɗi sai ya ga mai gida ko lauyansa, kuma sunan da ke kan asusun ya zo daidai da na takarda. Ya karanta sashen sanarwar tashi da kyau: dokar haya ta birnin tarayya ta ba ɗan hayar shekara-shekara wa'adin wata shida, amma fa in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, kuma lauyan da ya rubuta ta na mai gida ne, ko da ɗan haya ne ya biya kuɗinsa.